Tafarnuwa da hasken rana: me ya sa bamfaya ke tsoronsu?

Ummu_Hanan: Salam 'yan uwa. Ina rubuta labari ne mai dodo irin bamfaya ɗin nan na Turawa masu shan jini, kuma bana so kawai in ce tafarnuwa na korarsa rana na ƙona shi ba dalili, masu karatun yanzu sai sun tambaya. Dan Allah akwai bayanin kimiyya a kai ko ƙirƙira ce zalla?

DanBirni: Wa'alaikissalam Anti. Ki duba ciwon haukan kare. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Sifaniya, Juan Gómez-Alonso, ya kawo wannan a 1998, kuma ni shi ya fi kwanta min a rai don cuta ɗaya ce ta haɗa komai, da cizo ake ɗauka, mai ita baya barci, haske da iska da wari mai ƙarfi duk suna tayar masa da hankali, in aka miƙa masa ruwa maƙogwaronsa ya shaƙe ya riƙa fizge-fizge, kinga ga tafarnuwa ga rana ga ruwa duk a wuri guda. Kuma yace an yi annobarta a Hangari a shekarun 1720, lokacin da labarin bamfaya ya bazu a yankin.

Malama_Bio: Wasu za su ce miki fofiriya, ciwon da wani nau'insa ke sa fata ta yi ƙuraje in rana ta taɓa ta, wani masanin kimiyyar sinadarai David Dolphin ne ya faɗa a 1985, wai shan jini zai iya sauƙaƙa wa masu ita. Likitoci basu yarda ba, shan jini baya maganinta, kuma wallahi masu fama da ita sun cutu da wannan laƙabi, kar ki ƙara musu. Sannan mutuwa da fitowar rana ba tsohuwar tatsuniya bace, fim ɗin Nosferatu na Jamus na 1922 ne ya yaɗa ta.

DanBirni: Haka ne malama. Turken da ake kafa wa bamfaya a ƙirji kuma daga gawa ya samo asali, in an tone kabari sai a ga ciki ya kumbura da iska, jini a baki, fata ta ja baya farce ya zama kamar ya ƙara tsawo, ana soka itace iskar ta fito da gurnani sai su ce ai da ransa.

Ummu_Hanan: Allah ya saka da alheri, haukan karen zan ɗauka. To azurfa fa da ake harbin masu rikiɗa su zama kyarkeci da ita a labaran Turawa?

Malama_Bio: Azurfa tana kashe ƙwayoyin bakteriya 'yar uwa, har a man ƙuna ana sa ta, amma haukan kare bairos ne, in kin haɗa su a labari ɗaya sai kin canja wa dodon naki cuta.