Shawarwarin zaman Katsina kan haƙƙin mallaka

A zamanmu da mawaƙa da masu haɗa turare a Katsina, an fi daɗewa kan dokar haƙƙin mallaka da Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023. Lauyan cikinmu ya ce waƙa ba sai da rajista ba, amma a adana kwafin farko mai kwanan wata. In an ɗora ta a intanet ba izini, a rubuta wa masu shafin su sauke.

Wata Hajiya ta ɗaga kwalbar humrarta, an kwaikwayi tambarinta har launi, abin takaici. Aka ce mata: "Hajiya, ki yi rajista a Abuja." Rajistar tambari tana aiki ne shekara 7 da farko, sai sabuntawa duk shekara 14. Mai sabuwar ƙirƙira kuwa, kada ya baje ta a kasuwa kafin ya nemi takardar mallakar ƙirƙirar.