Yaushe ya kamata a canja man haidirolik na Bobcat? A taimaka da shawara

Mai_Gidan_Bulo:
Slm 'yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah masu aiki da ƙananan lodan nan ina neman shawara, akwai Bobcat S185 'yar kwatano da muka saya muna aiki da ita a gidan bulo, ɗiban yashi da lodin tifa da gyaran fili, mitarta tana nuna awa dubu huɗu da wani abu amma babu wata takarda da ta zo da ita da za ta nuna yaushe aka yi mata sabis na ƙarshe. Baƙin man inji dai mun juye tun zuwanta, to na haidirolik ɗin ne ake ta ja-in-ja, makaniken da ke duba mana ita ya ce shi wannan man ba a canja shi sai dai a riƙa ƙari in ya ragu, direban kuma ya ce in rana ta take hannun lodar yana yin sanyi wajen ɗagawa kuma yana jin wani kuka-kuka daga ƙarƙashin kujera. Man da na gani ta gilashin duba mai na tankin ya ɗan yi duhu amma bai yi baƙi ba. Shin awa ake bi ko sai ya nuna alama? Kuma wane mai zan zuba? Kuɗin man ba wasa ba ne shi ya sa nake tambaya kafin in saya.

Tsohon_Afareta:
Wslm Alhaji. Gsky maganar makanikenka ba haka take ba, ana canjawa. Littafin wannan samfurin abin da ya ce, filtar haidirolik da murfin numfashin tanki duk awa 500, man kansa kuma duk awa 1000 ko shekara, wanda ya riga zuwa. Amma kai naka lissafin ma bai kai nan ba tunda ba ka san tarihinta ba, kuma mitar 'yar kwatano ai ba abin rantsuwa ba ce. Ka juye kawai ka sa sabuwar filta ka rubuta awar da take kai da alƙalamin maka a jikin filtar, daga nan lissafinka ya fara.

Injiniya_Panteka:
Na yarda da abin da baba afareta ya faɗa amma bari in ƙara wani abu, don mutane suna riƙe awa 1000 ɗin nan kamar ita ce komai alhali an tsara ta ne a kan aiki na daidai-wa-daida, ba aikin gidan bulo cikin zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu ba.

Abu na farko da ya kamata ka gane, a wannan motar man da ke ɗaga bokiti shi ne dai ke tafiyar da tayoyin, tanki ɗaya ne, famfon tafiya yana turo shi da ƙarfi zuwa ƙananan motocin haidirolik da ke juya sarƙar tayoyin, kenan in man ya lalace ba hannu kawai zai yi sanyi ba, famfon tafiyar ne ke cin kansa a hankali, shi kuwa famfon nan kuɗinsa ya ninka na mai sau ban san adadi ba, duk wanda ya taɓa zuwa neman sa a kasuwa ya san me nake nufi.

Abubuwa uku ke kashe man, zafi da ruwa da datti. Zafin shi ne namu a nan, ƙa'idar da masu harkar mai suke bi ita ce da zarar zafin man ya wuce digiri 60 a ma'aunin Celsius, duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon rayuwarsa biyu, in ya haura 80 kuwa sil-sil ɗin roba ma sun fara bushewa suna yoyo. Shi ya sa abin da direbanka ya faɗa ya ja hankalina, sanyin hannu da rana yana nufin man yana tsinkewa in ya ɗau zafi, kafin ma ka sayi mai ka buɗe baya ka duba kular man, wato abin da ke sanyaya shi, da ke tare da lagireto, ina kyautata zaton za ka tarar ƙura da siminti sun toshe ta, a busa ta da iska a wanke, in ba haka ba sabon man ma dafuwa zai yi. Kukan kuma ko iska ce famfon ke zuƙa ta wani tiyo da ya saki, ko man ya yi ƙasa, ko filta ta cushe, ka leƙa gilashin bayan ta yi aiki in ka ga kumfa to iska ce.

Duhun kala shi kaɗai ba hujja ba ne, mai yana iya yin duhu yana nan da ransa, yana kuma iya zama garau alhali cike yake da dattin da ido ba ya gani. Ka ɗebo kaɗan a kwalba mai tsabta lokacin da yake da ɗumi ka shinshina, in yana warin ƙuna ya gama. In ya yi fari-fari kamar shayin madara ruwa ya shiga, wannan ko awa 50 ya yi sai ya fita. In kana shakka ka ɗiga ɗigo biyu a kan ƙarfe mai zafi, in ya yi ƙaras-ƙaras akwai ruwa. Ka kuma yanka tsohuwar filtar ka baje takardar cikinta a rana, in ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe ko na tagulla to magana ta wuce ta mai, famfo ko motar haidirolik ta fara ci, sai a nemi wanda ya san aikin.

Dan_Kwangila_Mx:
Ni fa ina ganin ana asarar mai da yawa wlh. Manyan kamfanoni ba haka kawai suke juyewa ba, Caterpillar suna da tsarin gwajin mai da suke kira S.O.S, a ɗebi samfur a kai ɗakin gwaji a faɗa maka ko da ruwa ko ƙasa ko ƙarfe a ciki, in man lafiya lau yake a bar shi ya ci gaba da aiki a canja filta kawai. Me zai sa mutum ya zubar da mai mai kyau don mita ta cika?

Injiniya_Panteka:
Haka ne ranka ya daɗe, ga mai motoci da yawa ko babbar eskabeta da ke shan mai ganga guda gwajin ya fi riba nesa ba kusa ba. Amma mutum mai ƙaramar loda ɗaya da bai ma san wane irin mai ne a ciki ba, wataƙila an gauraya kala biyu ko uku tun can, me za a gwada? Ya juye tukuna ya san abin da ya zuba, in ya so nan gaba ya riƙa gwaji.

Mai_Gidan_Bulo:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. To wane man zan saya, wani a Kofar Ruwa ya ce in zuba mai lambar kauri 68 maimakon 46 wai ya fi jure zafi. Kuma in an kwance tankin shi kenan duk tsohon ya fita?

Tsohon_Afareta:
A'a ba ya fita duka, akwai wanda ke maƙalewa a silinda da tiyo da kula da cikin famfo, shi ya sa a juye shi da ɗuminsa bayan ta yi aiki, hannu a ƙasa a fili mai daidai. In da ruwa a ciki sai an sake juyewa karo na biyu bayan ɗan aiki. Maganar 46 ko 68 ka bi littafin motar, in akwai man kamfanin shi ya fi, in babu a nemi mai AW a jiki, wato mai rage cin ƙarfe, daga wurin da ka yarda da shi don jabu ya yi yawa, jarka a rufe da hatiminta, kar ka yarda da na awo. Mazurari da jarkar da za a zuba da ita a wanke su tas, yawancin dattin ma a wajen zubawa yake shiga, haka in kuna aron abin fasa kankare ko na haƙa rami a goge bakin tiyon kafin a jona don man wata motar ne a cikinsa. Man akwatin sarƙa daban yake shi ma duk awa 1000 ne, ku haɗa su rana ɗaya.

Sannan dan Allah ka ja wa yaranka kunne, kar kowa ya shiga ƙarƙashin hannu a ɗage sai an sa ƙarfen tokare, kuma ba a neman yoyo da tafin hannu, da kwali ake nema, man nan in ya fito ta ƙaramar huda yana huda fata ya shige tsoka, wannan asibiti ne nan take ko da ciwon bai yi kama da komai ba.

Mai_Gidan_Bulo:
To madalla, gobe in sha Allah za mu fara da wanke kular sannan a yanka filtar, zan ɗora hoton abin da muka gani a ciki. Injiniya in akwai lambar filtar ta asali a wurinka ka turo min ta inbox.