Ƙwan tattali ko ƙwan ci-kaɗan?

Jama'a ku taya ni. Farin ƙwan fitilar nan da ya kori tsohon ƙwai mai jan haske, wato ƙwan LED, wanda kowa ke ce wa "energy saver", wane suna za mu raɗa masa da Hausa?

Kafin a yanka rago, a san jaririn. Tsohon ƙwai zare ne a ciki, sai ya yi ja zur sannan ya ba da haske, shi ya sa kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha a zafi take tafiya. Hasken da ƙwai mai wat 60 ke bayarwa, ƙwan LED mai wat 9 yana ba da shi. Gida miliyan ɗaya su sauya ƙwai ɗaya tak, an sauke wa tashoshin wutar lantarki na ƙasa nauyin megawat 51, kuma da magariba, lokacin da kowa ke kunna fitila. Wannan lissafin ne ya sa Tarayyar Turai ta fara janye tsohon ƙwai daga kasuwa a 2009, Indiya kuma ta fara raba na LED da rahusa a 2015 ƙarƙashin shirin UJALA. Sunan da za mu ba shi dole ya nuna wannan ragin.

Wani malami ya kawo "ƙwan tsimi". Ma'ana ta yi, amma Malam, ka san inda tunanin mutane zai tafi da an ce tsimi. A bar shi.

"Ƙwai mai sanyi" fa? Bai tsaya ba. Taɓa gindinsa bayan awa biyu ka ji ɗumi.

"Ci-kaɗan" ya fi min daɗi a baki, har ga Allah, kuma yana kan ƙirar da muka saba, irin su "faɗi-tashi". Sai dai ya yi kama da laƙabin tsokana, da wuya ya shiga takardar hukuma.

Ni dai na tsaya a kan "ƙwan tattali". Tattali ya haɗa rage ci da sa abu ya daɗe, shi kuwa ƙwan yana kai awa 15,000 ko fiye, tsohon kuma wajen 1,000.

Wata Hajiya ta tambaya, murɗaɗɗen ƙwan nan mai sinadarin makuri (zaiba) fa, wanda shi aka fara kira "energy saver"? Gaskiyarki, Hajiya, shi ma ƙwan tattali ne. In ana son bambancewa, a ce murɗaɗɗe, ɗayan a ce led.