Tambaya kan lasisin likitocin DO a lokacin horon ƙwarewa a Amurka

Mahaifin ɗaliba: Assalamu alaikum. 'Yata za ta kammala karatun likitanci a Amurka a watan Mayu da digirin DO (ɗaya daga cikin digirorin likita biyu da ake bayarwa a Amurka, ɗayan shi ne MD), kuma ta samu gurbin horon ƙwarewa a wani asibiti da ke jihar Kalifoniya. Ta shaida mini cewa ko an ba ta digiri ba za ta samu cikakken lasisi nan take ba, sai wata takardar izini ta masu horo. Shin likitocin DO kaɗai ake yi wa haka, ko har da masu MD? Me aka yarda ta yi da takardar, me kuma aka hana ta?

Likitar yara: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya sanya albarka a karatun. Ka kwantar da hankalinka, domin mai DO da mai MD duk ta wannan ƙofa suke bi. Gwamnatin tarayya ba ta ba da lasisin likita a Amurka, kowace jiha ce ke ba da nata. Kalifoniya tana cikin jihohin da suka ware wa likitocin DO hukumarsu ta daban, kamar Fulorida da Mishigan, saboda haka can za ta kai takardunta. Tun daga watan Janairun 2020 jihar ta wajabta wa mai horo ya mallaki lasisin horo cikin kwana 180 da fara aiki, kuma da yake ana farawa ne a Yuli, gara ta nema da wuri.

Da wannan lasisi za ta duba marasa lafiya, ta rubuta magani, ta kwana a bakin aiki, amma duk a ƙarƙashin kulawar manyan likitocin shirin da ya ɗauke ta. Ba za ta buɗe asibitin kanta da shi ba. Magungunan da ake sa wa ido, irin masu kashe zafin ciwo mai tsanani, masu horo da yawa suna rubuta su ne da lambar rajistar asibitin a wurin DEA, hukumar tarayya mai sa ido kan irin waɗannan magunguna, tare da ƙarin lambar da ke nuna wanda ya rubuta.

Tsohon malamin asibiti: Alhaji, abin da zan ƙara shi ne batun jarrabawa, domin nan ne hanyarta ta bambanta da ta masu MD. Likitocin DO suna rubuta COMLEX mai matakai uku. Biyun farko ana gamawa da su a makaranta, na ukun kuma a lokacin horo ake zaunawa, kuma ba a ba da cikakken lasisi sai an ci shi. Shawarata ita ce ta rubuta shi a shekarar farko tun karatun bai huce ba, domin shirye-shirye da dama ba sa ɗaga mutum zuwa shekara ta uku sai ya kawo sakamako.

Yawan horon da ake buƙata kafin cikakken lasisi ma ya danganta da jiha, kuma yana sauyawa. Kalifoniya ta ɗaga shi zuwa wata 36 a 2020, sannan a 2022 ta sauko da shi zuwa wata 12 ga waɗanda suka yi karatu a cikin ƙasar. A da akwai wata matsala ta daban: jihohi biyar, ciki har da Fensilbaniya da Oklahoma, suna neman lallai shekarar farko ta zama wadda ƙungiyar likitocin DO, wato AOA, ta amince da ita. An haɗe tantance shirye-shiryen horo na DO da na MD a hannun hukuma ɗaya, wato ACGME, tsakanin 2015 da 2020, amma idan tana da niyyar komawa wata jiha, ta karanta dokar jihar da kanta kafin ta yanke shawara.

Mahaifin ɗaliba: Na gode ƙwarai. Ta kuma ambaci yin aikin dare a wani asibiti don rage bashin makaranta. Hakan halas ne?

Likitar yara: A shekarar farko ACGME ta hana shi baki ɗaya, Baba. Daga shekara ta biyu yana yiwuwa idan shugaban shirin ya yarda a rubuce, kuma aiki a wajen shirin yawanci yana buƙatar cikakken lasisi. Awannin aikin daren suna shiga cikin iyakar awa 80 a mako, wadda ake ɗaukar matsakaicinta bisa mako huɗu. Idan kuwa da bizar J-1 (wadda ake ba baƙi masu zuwa karatu ko horo) take horon, ba a yarda ta yi shi ba ko a wace shekara, don haka ta fara duba irin bizar da ke hannunta.