Megawat 30,000 kafin 2030: hasashe ne ko buri?

Ɗalibar Samaru:
Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu, an ba ni gabatarwa a kan makomar lantarki a Najeriya, kuma takardun da na tara sun ɗaure mini kai. Wata ta gwamnati ta ce megawat 30,000 kafin 2030, kashi 30 cikin ɗari daga makamashi mai sabuntuwa. Shirin sauya makamashi da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Osinbajo, ya ƙaddamar a Agustan 2022 yana maganar 2060 da dala tiriliyan 1.9. Wata kuma ta ce hasken ranar Arewa kaɗai ya ishi ƙasar har da rara. Alhali babban layin ƙasa da ƙyar yake haura megawat 5,000. Na zuba su duka a jadawali ɗaya, malamina ya sa jan biro ya rubuta "ba jinsi ɗaya ba ne". Me yake nufi? Wacce zan yarda da ita?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminki ya yi daidai. Kafin ki yarda da lamba, ki binciko tambayar da aka yi har lambar ta fito.

Akwai mai tambayar me zai faru. Wannan shi ne hasashe: a duba yadda jama'a ke ƙaruwa da yadda ake shan wuta, a ja layin gaba. Yana da amfani a shekara biyu ko biyar, amma da an yi nisa sai ya fara kuskure. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta sha yin ƙiyasin yaɗuwar sola ya fito ƙasa da abin da aka gani, don farashin farantan ya faɗi da saurin da ba ta sa a lissafi ba.

Akwai mai tambayar me ka iya faruwa. Shi ba ya zaɓen hanya ɗaya, sai ya zana uku ko huɗu masu saɓa wa juna, ya ga ko shirinsa zai tsaya a kowacce. Kamfanin Shell ya yi suna da wannan a farkon shekarun 1970, lokacin da Pierre Wack da abokan aikinsa suka sa shugabanninsu tunanin ranar da ƙasashe masu mai za su ɗaga farashi. Da rikicin 1973 ya zo, ganga ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12, bai same su ba shiri ba.

Na uku shi ne wanda ya fi rikita ɗalibai, har da 'yan jarida. A kafa buri tukuna, sannan a yi lissafi da baya-baya: in ana son kaiwa can, me ya kamata a gina a 2030, me a 2040? Buhari ya yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa kafin 2060 hayaƙin da Najeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda ake shanyewa ba. Shirin 2022 lissafin kuɗin cika wannan alkawari ne. Tiriliyan 1.9 ɗin ba kuɗi ne da ke ajiye ba, kuma takardar ba ta ce za a samu ba. Megawat 30,000 ma buri ne. Mu da muka ga taswirar gyaran lantarki ta 2010 mai cewa megawat 40,000 kafin 2020, ba ma ɗaga gira in mun ga irinta.

Maganar rana kuwa wani fanni ne daban, na auna abin da za a iya samu, kuma hawa-hawa ne. A Kano ko Sakkwato, kowace murabba'in mita tana samun hasken da ya kusa kilowat-awa 6 a yini. Ki ninka da faɗin Arewa, lambar za ta ba ki tsoro. To ki cire gonaki, garuruwa, makiyaya da dazukan gwamnati. Abin da ya rage, farantin sola kusan kashi 20 cikin ɗari yake mayarwa wuta, zafin Afrilu ya rage masa ƙarfi, ƙurar hunturu ta lulluɓe shi. Daga nan ki tambaya: a cikin wannan, wanne ne zai fi dizal ko gas araha? A ƙarshe, wanne ne banki zai yarda ya ba da rance a kansa? Kamar damin gero ne da aka kai sussuka, aka sheƙe, aka surfa, aka niƙa. Garin da ya isa tukunya ba shi ne damin da aka ɗauko daga gona ba.

A 2016 kamfanin gwamnati mai sayen wuta a sari, NBET, ya sa hannu da kamfanoni 14 don gina tashoshin sola na sama da megawat 1,000, akasarinsu a Arewa. Rana tana nan, fili yana nan. Aka tsaya jayayya kan farashi da kan wanda zai lamunci biyan kuɗi, ayyukan suka kwanta. Tashar sola ta Kumbotso a Kano da aka buɗe a Janairun 2023 megawat 10 ce.

Ɗan Yamai:
Injiniya, Allah ya ƙara sani. Bari in ƙara kan na biyun, mai tambayar me ka iya faruwa, don mu a Nijar mun gani da ido. Shekara da shekaru kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarmu daga Najeriya take zuwa, babban layin ya taso daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Duk mai jan layin hasashe zai ce haka za a ci gaba, tunda araha ce. Sai juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai takunkumin CEDEAO, wato ECOWAS, farkon Agusta aka katse layin, ba a maido ba sai Maris na 2024. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage zafi, amma da rana take aiki. Ba wanda zai iya faɗin ranar juyin mulki, na yarda. Sai dai tambayar "in maƙwabci ya rufe fa?" ba ta buƙatar boka.

Mai Walda a Dakata:
Ni dai ban yi boko mai zurfi ba, amma duk wannan takarda ce. Tun muna cewa NEPA ake karanto mana megawat a rediyo. Tashar lantarki ta ruwa ta Mambila fa? Megawat 3,050, tun ina yaro nake jin sunanta. Abin da na sani, da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, maƙwabtana masu shagon caji da masu firji suka koma sola, ba tare da wani ya zana musu makoma ba.

Tsohon Injiniya:
Malam mai walda, ba zan musa maka Mambila ba. Amma abin da ka faɗa a ƙarshe shi ne ainihin darasin. Ranar Dakata ba ta ƙaru ba a 2023, farantin ma shi ne na jiya. Litar fetur ce ta yi tsada, sai sola ta tsallaka daga abin da zai yiwu zuwa abin da ya fi araha. Hawan nan na tattalin arziki motsi yake yi da farashin mai, da canjin dala, da kuɗin ruwan banki, shi ya sa duk ƙiyasin da bai bayyana farashin da ya ɗauka ba ni ajiye shi nake. Kuma in ka lura, kai ba ka koma ba, don injin walda yana fizgar wuta da ƙarfi a lokaci guda, batir da inbatar da za su ɗauke shi sun fi ƙarfin aljihun ƙaramin shago.

'Yata, ki raba jadawalin nan. A gefen kowace lamba ki rubuta wa ya fitar da ita, a wace shekara, wace tambaya ya amsa, da abin da ya ɗauka a matsayin tabbas. Rahoton IEA na 2021 mai suna World Energy Outlook zai taimake ki, don ya jera hanyar manufofin da ake da su, da ta alkawuran gwamnatoci, da ta burin daidaita hayaƙin duniya kafin 2050, kowacce da lambobinta daban.

Ɗalibar Samaru:
Na gode, Baba. To janaretoci da solar gidaje da ba sa kan babban layi, a wane gurbi zan sa su? Don 5,000 ɗin da na kawo bai ƙirga su ba.