Dan Allah wa ya taɓa tafiyar hutu da yara a babban jirgin ruwa?

Uwar Biyu Garwa:

Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san abin. Ƙanin maigidana yana zaune a Marseille, shi ne ya dage wai bana in yara sun samu vakans mu zo mu yi sati ɗaya a irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, kurwaziya suke ce masa, wanda ake kwana a ciki ana ci ana sha kullum a wayi gari a wani gari daban. Mu shida ne, ni da maigida da yara uku, babbar shekara 11, na tsakiya 7, auta 2, sai Hajiya surukata da ke fama da gwiwa da hawan jini, kuma ita ce ma ta fi kowa ɗoki tunda aka nuna mata bidiyo.

Ni dai ban taɓa hawa abin da ya wuce kwalekwale a Binuwai ba, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Kuɗin da aka rubuta a intanet shi ne gaba ɗaya ko akwai na ɓoye? Abincinsu fa, musulmi zai iya ci? Sallah fa yaya ake da alƙibla tunda abin tafiya yake? Sannan yaron nan mai shekara biyu wlh ba ya zama wuri ɗaya, tunanin ruwa kewaye da shi kaɗai yana hana ni barci. A taimaka da duk abin da aka sani, Allah ya saka da alheri.

Ɗan Marwa a Faransa:

Wa alaikumussalam Hajiya. Kafin a yi maganar jirgi a fara da biza, don nan ne mutanenmu suke asarar kuɗi. Kar ku biya kuɗin jirgin duka alhali biza bata fito ba, ku nemi irin rajistar da ake ba da kafin alƙalami kuma ku karanta sharaɗin fasawa da kyau, don yawanci in lokacin tashi ya matso abin da za a mayar muku kaɗan ne ko ma babu. Bizar Shengen, wato ta shiga Faransa da yawancin ƙasashen Turai, yanzu yuro 90 ce ga babba tun watan Yunin 2024, wato wajen sefa dubu 59 tunda yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12 yuro 45, autanku kyauta ne amma shi ma sai an cika masa takardu da fasfo nasa na kansa. Kuma in an hana biza wannan kuɗin ba ya dawowa. Sai inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai yuro 30,000, dole ce, ba a karɓar dosiye babu ita. Ku fara neman randebu da wuri sosai, lokacin vakans kowa ke nema, in kuma ta kama sai an je Yawunde da yara da tsohuwa, ko ta jirgin sama ko mota zuwa Ngaundare a kama tiren dare, shi ma kuɗi ne da ya kamata ya shiga lissafi tun yanzu.

Abu na biyu da mutane basa lura da shi, ku duba garuruwan da jirgin zai tsaya ɗaya bayan ɗaya. Na Marseille yawanci na kamfanin MSC ne ko Costa, suna zagaya Jenowa, Civitavecchia wadda ita ce tashar Roma, Napoli ko Palermo, Malta, Basalona, su dawo. Waɗannan duk cikin Shengen suke. Amma akwai masu taɓa Tunis, to da zarar jirgi ya tsaya can kun fita Shengen kenan, in bizarku ta shiga sau ɗaya ce matsala ta taso, suna iya hana ku hawa tun daga tasha ko da kun ce baza ku sauka a Tunis ba. Ko dai ku zaɓi wanda ba ya fita, ko ku nemi biza mai shiga da yawa. Fasfo kuma ya zama akwai saura wata 6 aƙalla bayan dawowa, kamfanonin jirgi da yawa haka suke so.

Na ƙarshe, kar ku sauka Faransa ranar da jirgin zai tashi. Ku zo kwana biyu kafin nan tunda kuna da masauki, daga Paris zuwa Marseille ma awa uku da wani abu ne a TGV, jirgin ƙasa mai sauri, kuma jirgin ruwa ba ya jiran kowa.

Maman Hanan Injamena:

Yar'uwa ki kwantar da hankalinki, na je da yarana kuma abin yafi yadda kike tsoro sauƙi. Jirgin kamar unguwa guda ne aka ɗora kan ruwa, hawa goma sha wani abu da lif ko'ina, sau da yawa sai kin leƙa taga zaki tuna tafiya ake. Amma akwai abubuwan da babu mai faɗa miki a bidiyo.

Ɗaki tukuna. Yawancin ɗakunan mutum huɗu suke ɗauka kuma autan ana ƙirga shi mutum guda ko da a jikinki zai kwana, don haka ku shida ɗaki biyu ne babu makawa, kuma kowane ɗaki sai da babba a ciki. Ku roƙi masu ƙofa a tsakani ko aƙalla maƙwabtan juna, kuma ku roƙa tun wajen biya, in kun bari jirgi ya zaɓar muku sai ki ga Hajiya a wani hawa ke a wani hawa. Mai baranda yana da daɗi amma ni da yaro ɗan shekara biyu bazan ɗauka ba, ba don ƙarfen ya yi ƙasa ba, yana da tsayi, kujerun da ke wurin ne yaro ke ja ya taka. Mai taga wadda ba ta buɗuwa ya isa, ya fi araha kuma za ki yi barci da ido biyu a rufe. Ku nemi tsakiyar jirgi, hawan ƙasa-ƙasa, nan ne girgiza tafi sauƙi, kuma kusa da lif saboda gwiwar Hajiya don lungunan nan dogaye ne wlh, daga ɗaki zuwa wurin cin abinci ma tafiya ce.

Kuɗin ɓoye akwai. Kowane dare ana ɗora wa kowane babba kuɗin hidimar ma'aikata, yuro goma da ɗoriya, wani lokaci yana cikin farashin wani lokaci sai a ƙarshe ki gan shi, ki tambaya. Lemun kwalba, jus, ruwan gora duk saye ne, ruwan sha na injin da ke wurin bufe ne kyauta, don haka kowa ya zo da gorarsa. Intanet saye ne kuma da tsada. Ana bai wa kowa kati, shi ne makullin ɗaki shi ne kuɗi, yara suna iya miƙa shi a wurin wasanni ko askirim ba tare da sun san kuɗi ke fita ba, ranar farko kije resepsiyon a rufe na yara. Wayoyinku kuma da zarar an bar tasha ku sa su yanayin jirgin sama, don a tsakiyar teku layin tauraron ɗan adam na jirgin suke kamawa, kiredit ɗinki zai ƙare kafin ki gama karanta saƙo ɗaya.

Abinci kuma, akwai alade a bufe sosai, musamman da safe, kuma wasu miyoyin ana sa musu giya. Kifi, ƙwai, shinkafa, taliya, dankali, burodi, kayan lambu da ya'yan itace kam har sai kun gaji. Naman halal kar ki ɗauka akwai shi, ƙanin maigidanki ya rubuta musu tun kafin tafiya ya ji amsarsu. Mu wurin cin dare da ake ba mutum tebur nasa muka fi so, don ma'aikaci ɗaya ne ke kula da ku kullum, in kin faɗa masa daren farko babu alade babu giya shi da kansa zai riƙa nuna miki abin da za ki guje wa. Ki zo da yajinki, abincinsu salam yake. Kilishi dai ki bar shi a gida, Turai ba sa yarda a shigo da nama daga waje, za a karɓe a filin jirgi.

Sannan buta! Ki sa ƙaramar buta ta roba a jaka, banɗakinsu babu. Kasko da garwashi da turaren wuta kuwa kar ma ki fara, duk abin da ke kunna wuta haramun ne a jirgi, har dutsen guga da hita ta dafa shayi karɓewa suke a ƙofa. Humra ta isa.

Alhaji na Kusiri:

Ni kam da za a ji tawa, da ba Turai za a kai Hajiya ba. Watan Yuli da Agusta shi ne lokacin da jiragen nan suka fi tsada kuma suka fi cika, kuma a faɗi gaskiya saman jirgin inda wurin wanka yake ba wurin da mutum zai zauna da mahaifiyarsa da yarinya yar shekara 11 bane, ga mashaya ko ta ina ga gidan caca a tsakiya. Saudiyya ta fito da nata jirgin, Aroya, ya fara aiki daga Jidda a Disambar 2024 yana zaga Bahar Maliya, babu giya babu caca, abincin halal ne, akwai wurin sallah. Mutum sai ya haɗa da umara, a kai tsohuwa ta yi ɗawafi sannan a huta. Akwai kuma masu tashi daga Dubai su je Abu Dhabi da Doha lokacin sanyi, hutun Disamba na yara zai iya kamawa, sai dai su ɗin yawanci kamfanonin Turai ne, tsarinsu ɗaya da na Marseille. Daga Garwa ma ba sai kun gangara kudu ba, ku hau nan ku tsallaka gadar Ngeli ku tashi daga Injamena ta Addis Ababa ko Alƙahira. Wannan ra'ayina ne.

Ɗan Marwa a Faransa:

Alhaji maganarka akwai gaskiya amma ka manta dalilin tafiyar, ɗanta Hajiya za ta gani da jikokinta na can. Kuma Aroya ba kullum yake Jidda ba, a 2025 lokacin zafi Istanbul ya koma, sai an duba jadawali. Nan ma akwai iyalan Aljeriya da Maroko da Komoro da ke cika jiragen Marseille da hijabansu, babu mai kallon su, wurin wanka kuma in aka je da sassafe ko ranar da jirgi ke tsaye a tasha kusan ba kowa.

Malama Nas Ngaundare:

Ni ɓangaren lafiya zan taɓa. Hajiya ta ga likitanta kafin tafiya, a rubuta mata ordinans da sunan magungunan, a ɗauki wanda zai wuce kwanakin tafiyar, cikin kwalinsu na asali kuma a jakar hannu. Wannan na jakar hannu ki riƙe shi da kyau, don a tasha karɓar akwatuna suke sai bayan awanni a kawo ƙofar ɗaki, haka daren ƙarshe a waje ake ajiye su. Pampas da madarar auta da kayan canji su ma a hannu. Akwai likita a jirgin amma biya ake kuma ba arha, ki tabbata inshorar ta ambaci tafiyar jirgin ruwa. Maganin jiri da amai na teku kar a ba yara ko Hajiya sai an tambayi likita, citta na taimaka wa wasu. Wanke hannu da sabulu kafin bufe kar ayi wasa da shi, ciwon gudawa da amai yana saurin yaɗuwa a wuri irin wannan. Katin rigakafin shawara ku tafi da shi. Kuma tunda mata ne ke karantawa, mai ciki in ya kai sati 24 yawancin kamfanoni basa ɗauka, jariri ma da yawa sai ya kai wata 6. Autanki in bai bar pampas ba kar ki yi masa alƙawarin babban wurin wanka, ba a barin su shiga.

Sallah kuma Malam ɗinmu cewa yayi ku matafiya ne, akwai ƙasaru, ki duba alƙibla lokacin da za ki tayar, talabijin ɗin ɗaki yana nuna taswira da inda jirgi ya dosa, wanda ya kasa tsayuwa saboda jiri ya zauna. Amma ki ƙara tambayar malaminku.

Uwar Biyu Garwa:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na tura wa maigida duka, yace gobe zai duba ko namu yana taɓa Tunis. Alhaji mun ji shawararka, Hajiya tace umara daban ziyarar ɗa daban, insha Allah duka za a yi. Saura tambaya ɗaya Maman Hanan, in jirgi ya tsaya dole ne sai an biya yawon da suke shiryawa, ko za mu iya fita da kanmu?

Maman Hanan Injamena:

Ba dole bane, nasu yana da tsada sosai ga mutum shida. Bambancin shi ne in motarsu ce ta makara jirgi zai jira, in ku kaɗai kuka fita kuka makara tafiyarsa zai yi ya bar ku da neman hanyar tasha ta gaba da kuɗinku. A Malta da Jenowa gari na nan kusa da tasha, kuna iya fita ku zaga ku dawo cin rana, sai dai Valletta a kan tudu take, akwai lif da ke hawa da mutane daga bakin ruwa, shi za ku nema wa Hajiya. Roma ce mai nisa, wajen kilomita 80 daga Civitavecchia, ga zafin Agusta ga tafiyar ƙafa, ni da tsohuwa da ɗan shekara biyu wannan ranar a jirgi zan zauna, maigida ya tafi da manyan in suna so. Ana rubuta lokacin dawowa a ƙofar fita, ki ɗauki hotonsa a waya, ku dawo da saura awa guda. Kuma ranar farko akwai atisayen ceto da ake yi kafin tashi, kowa sai ya je an duba katinsa har Hajiya, nan za a ɗaura wa yara abin hannu mai lambar wurin taruwarku, kar ki bari su cire shi har a sauka.