Tafiyar mako guda da keken tsere cikin gonakin inabi: Alsas, Burgundi ko Mosel?

Sabon-shiga:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san hanya. Ina da kwana shida a tsakiyar Satumba, ina so in yi su a kan keke cikin yankin gonakin inabi, kuma na kasa zaɓa tsakanin Alsas da Burgundi a Faransa, da kwarin kogin Mosel a Jamus. Keken na tsere ne, tayar milimita 25, birkin roba mai kama wili, haƙoran gaba 52/36, na baya 11-28, Shimano 105. Ina iya kilomita 80 a rana idan shimfiɗa ce. Wanne ya fi dacewa, kuma me zan canza a jikin keken?

Dogon-zango:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka ƙirga kilomita, fara ƙirga hawa. Inabi a jikin tudu ake shuka shi don ya sha rana kuma ruwa kada ya kwanta masa a gindi, saboda haka hanyar da ta ratsa gonakin hawa da gangara ce tun safe har yamma. Kilomita 80 ɗinka na shimfiɗa, a can ka ɗauke su a matsayin 55 ko 60. Matsakaicin mahayi yana cin hawan mita 500 zuwa 700 a awa guda, sai ka ƙara wannan lokacin a kan lissafinka na kowace rana.

A cikin ukun, Alsas zan ce ka je. Hanyoyi biyu ne a can, kuma mutane na yawan haɗa su. Akwai Route des Vins, ta motoci, wadda aka buɗe a 1953, kimanin kilomita 170 daga Marlenheim zuwa Thann. Akwai kuma Véloroute du Vignoble, ta kekuna, tun 2013, tsakanin garuruwan nan biyu, kilomita 130 da 'yan kai, wani yanki ne na EuroVelo 5, doguwar hanyar kekuna mai ratsa ƙasashen Turai. Ta biyun za ka bi. Ta farkon a Satumba cike take da motocin 'yan yawon buɗe ido da manyan bas, ga ta da ƙunci a cikin ƙauyuka.

Abin da ya sa Alsas ta fi dacewa da mako guda shi ne zaɓi. Idan ka sauka a Colmar ka ajiye kaya a masauki ɗaya, kullum sai ka yi zagaye ka dawo. Ranar da ƙafa ke da nauyi, ka bi gindin tudu ta Eguisheim ko ta Riquewihr da Ribeauvillé. Ranar da kake jin ƙarfi, ka juya yamma ka shiga duwatsun Vosges. Hawan fadar Haut-Koenigsbourg, wadda ke kan tsayin mita 757, kusan mita 500 ne daga gindin gonaki, kwalta mai kyau cikin inuwar daji. Duwatsun nan su ne ke tare hadarin da ke tasowa daga yamma, shi ya sa Colmar take cikin garuruwan da suka fi ƙarancin ruwan sama a Faransa. Jirgin ƙasa na TER kuma yana bin layin Strasbourg, Colmar, Mulhouse, yana ɗaukar keke, sai dai wasu jiragen ba sa karɓa a lokacin cunkoson ma'aikata safe da yamma.

Burgundi tana da kyau ƙwarai, amma Voie des Vignes daga Beaune zuwa Santenay kilomita 22 ce kawai, ta Pommard, Volnay da Meursault. Kafin hantsi ka gama ta. Sai ka haɗa da ƙananan hanyoyin da ke haurawa bayan tudu, kuma ka nisanci D974, babbar hanya ce mai manyan motoci. Mosel kuwa shimfiɗa ce a bakin kogi, kusan kilomita 200 daga Trier zuwa Koblenz. Ga mai keken tsere matsalarta cunkoso ne, domin iyalai da masu keken lantarki sun cika ta, ba za ka samu sakin ƙafa ba.

Makanike:

Na yarda da zaɓin Malam Dogon-zango. Bari in taɓa keken.

Giyar kekenka mafi sauƙi yanzu haƙori 36 a gaba ce da 28 a baya. Kowane zagayen feda yana tura ka kimanin mita 2.7. A hawa mai tsauri inda gudunka ya sauka zuwa kilomita 9 a awa, kana juya feda sau 55 a minti, wato niƙa kake yi da gwiwa. Rana ɗaya za ka jure, amma a rana ta uku gwiwar za ta fara magana. Ba sai ka sayi sabon faifan gaba ba. Sa haƙoran baya 11-34, sai zagayen ya koma kimanin mita 2.23, feda ta tashi zuwa sau 67 a wannan gudun. Kusan daidai yake da abin da mai 34 a gaba da 32 a baya yake samu.

Sai dai ka duba hannun da ke sauya giya a baya. A Shimano 105 samfurin R7000, mai gajeren hannu iyakarsa haƙori 30, mai matsakaicin hannu ne ke kaiwa 34. Sarƙa ma dole a sa sabuwa mai ɗan tsayi. Idan aka bar tsohuwa gajera, ranar da ka manta ka haɗa babban gaba da babban baya, za ta ja hannun har ya lanƙwashe, ko ƙugiyar da ke riƙe shi ta karye. Tsohuwar sarƙa da ta miƙe fiye da kashi 0.5 cikin ɗari kuma tsalle za ta riƙa yi a kan sababbin haƙora.

Taya: ka koma 28 idan firam ya ɗauka. Yawancin birki irin naka iyakarsa ke nan, kuma a bar sararin milimita 4 kowane gefe don laka. Mai nauyin kilo 70 zuwa 75, iska bar 5 a ma'aunin famfo ta isa a baya, gaba a rage kaɗan. Dalilin ƙara faɗin tayar shi ne hanyoyin cikin gona. Da yawansu na kankare ne ko tsohuwar kwalta, kuma an yanka magudanar ruwa a tsakiyarsu daga gefe zuwa gefe, wata da murfin ƙarfe, wata a buɗe. Idan ka faɗa mata da gudu kana zaune daram a sirdi, wili zai matse tib, ka tarar da huda biyu a jere kamar saran maciji. Ka rage gudu, ka ɗaga daga sirdi, ka tsallake ta kai tsaye ba a karkace ba. Ka riƙe tib biyu, faci da sholisho, famfon hannu, mahaɗin sarƙa guda, da ƙugiyar giya ta daidai firam ɗinka, domin ita ce ba a samu a kowane shago.

A gangara kada ka danne birki tun daga sama har ƙasa. Wili yana ɗaukar zafi, robar ta daina kamawa, tib ma na iya fashewa. Matsa da ƙarfi kafin kwana, ka saki, ka sake matsawa.

Mai-lura:

Ƙanena, akwai abin da ya fi giya da taya muhimmanci: Satumba lokacin girbi ne. Ƙananan hanyoyin nan na manoma ne, kai baƙo ne a kansu. Tarakta na fitowa daga tsakanin layukan inabi ba tare da ka gan ta ba, tana jan tirela cike da kwanduna. Tana barin laka a bakin gona, ruwan inabi kuma na ɗiga a kwalta, ya haɗu da raɓar safe ya zama santsi. Duk kwanar da ka ga baƙin tabo mai sheƙi, ka shige ta a miƙe, hannu ba a kan birkin gaba ba. Ka fita tun ƙarfe takwas ka gama kafin uku, domin da yamma ne masu yawon ɗanɗana barasa suke komawa masauki a mota.

Dokar Faransa: mota za ta ba ka tazarar mita 1 a gari, mita 1.5 a wajen gari. Riga mai ɗaukar haske wajibi ce a wajen gari da dare ko cikin hazo. An hana sa abin sauraro a kunne tun 2015. A cikin ƙauyuka, mahaɗar da ba ta da alama, wanda ya fito daga damanka shi ke da hanya, ko da lungu ne. Wannan ita ke kayar da baƙi.

Ruwa rabin lita zuwa uku bisa huɗu a awa, abinci kaɗan-kaɗan duk minti 40. Shagunan ƙauye kan rufe daga sha biyu zuwa biyu, wasu ba sa buɗewa Lahadi da yamma ko Litinin, don haka ka yi guzuri da safe. Famfon da aka rubuta wa "eau non potable" ba na sha ba ne. Sannan a wannan lokacin ana sayar da wani farin ruwan inabi mai duhu-duhu a bakin hanya, "vin nouveau" a Alsas, "Federweisser" a Jamus. Zaƙinsa kamar lemo, amma ya riga ya fara tsima, akwai barasa a cikinsa. Wanda ba shi da ita sunansa "jus de raisin" ko "Traubensaft".

Sabon-shiga:

Allah ya saka da alheri. Alsas ke nan. Malam Makanike, na duba, nawa gajeren hannu ne. Idan na tsaya a 11-30 zai wadatar?

Makanike:

Zai kai ka sau 58 zuwa 59 a minti a wancan gudun, ƙari kaɗan ne. Idan gindin tudu kawai za ka bi, ya isa. Idan kana da niyyar Haut-Koenigsbourg ko ka haura Vosges, ka canza hannun ka sa 34, kuma ka yi aikin mako biyu kafin tafiya don wayar giya ta gama miƙewa a sake saita ta.